Faifan Bijimin Ƙarfe

Almati, ƙarshen bazara.

Zuwa ga Yayata Raushan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yakob da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba ki da sanyin Jamus da kike ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Matata Saule jininta ya ɗan hau kwanakin baya, kuma ta ce ni ne sanadi, za ki ji dalili. Gwaggo Zere na nan da ranta, ido ya tafi amma baki bai tafi ba. Tuffar gidanmu ta yi 'ya'ya bana har sai da na tokare reshe biyu da itace. Na san za ki ce ga waya, mene ne na rubutun hannu kamar mutanen da. Dalili kuwa shi ne a waya ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuma wannan magana ina so in kai ta ƙarshe kafin ki fara yi mini faɗa.

Kin ji an ce an kusa fasa auren 'yata Kuralai saboda ni. Gaskiya ne, kuma ko yau aka maimaita zan sake. Amma ba za ki gane ba sai na koma da ke shekarar da kika yi aure kika tafi Karaganda, shekarar da Yaya Sanjar ya aske gashinsa. Kin sha tambayata abin da ya sa ya aske, ina ce miki ƙaiƙayi ne ya dame shi. Ba ƙaiƙayi ba ne, Yaya.

Kin tuna yadda muke a lokacin, gashi har kafaɗa, Baba yana cewa ya haifi maza biyu an musanya masa da 'yan mata. Kiɗan ƙarfe ya shiga jininmu, jita tana kuka kamar ana yanka ta, ganga tana dukan ƙirji. A kanti ba a sayar da shi, a rediyo ba a sa shi, ɗan sanda ya gan ka da shi kuwa ka shiga uku. Duk Lahadi sai mu hau bas har inda ta ƙare, mu taka zuwa kan tudu cikin gonar tuffa, can ake musayar faifai. Kowa da nasa a ƙarƙashin riga. Babu garmaho a kan tudu, don haka da ido da hanci ake ciniki: ka zaro faifai ka riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, ka karkata shi ga rana ka duba ko ya karce, ka shinshina kwalin, domin na ƙetare ƙamshinsa daban. Doka ɗaya ce a wurin, in an sauko daga tudu ciniki ya faɗa, babu mayarwa. Sanjar kuwa yana da abu biyu da duk tudun ke haɗiyar yawu a kansu. Na farko mujallar nan ta Jamusanci da wani direban babbar mota ya shigo da ita, wadda muka lulluɓe da leda kamar jariri, muna kallon hotuna ba mu iya karanta ko harafi. Kin tuna ranar da Yakob ya zo zance muka ba shi ya karanta mana shafin da muka fi girmamawa, ya ce tallar takalmi ce? Har yau ban yafe masa dariyar nan ba. Na biyu kuwa rigar fatar da kika ɗinka masa, wadda kika jera wa ƙusoshin kujera a kafaɗa har yatsunki suka yi jini.

Akwai wani a tudun da ake kira Mai Jaka, domin shi a jakar ma'aikata yake zuwa da kayansa, sunansa na yanka Nurgali. Ya girmi Sanjar da kaɗan, da tabo a girar hagu, baki kamar zuma. Wata Lahadi ya buɗe jaka ya nuna wa Sanjar faifan da duk garin ke jin labarinsa ba wanda ya taɓa ji da kunnensa, mai hoton bijimin ƙarfe yana hura wuta ta hanci. Ya ce ba na sayarwa ba ne, amma don Sanjar ɗan gida ne, a ba shi mujalla da riga. Sanjar ya shinshina kwali, na ƙetare ne. Ya duba takardar da ke tsakiyar faifan, ta ƙetare ce. Ya ɗaga zai karkata shi ga rana ke nan sai wani ya yi ihu daga ƙasa wai ga 'yan sanda. Kowa ya ranta a na kare. Sanjar ya tuɓe riga ya miƙa, muka gangaro cikin ƙanƙara shi da 'yar shara, yana rawar sanyi yana dariya, ya rungume faifai a ƙirji. Ko ɗan sanda ɗaya ba mu gani ba a hanya.

Da yamma muka taru a ɗakin abokinmu Grisha, shi ke da garmaho mai kyau. Sanjar ya gayyato duk wanda ya sani, har da Lazzat, yarinyar da yake so, ɗaki ya cika har kan taga. Ya ce kowa ya yi shiru, yau za mu ji abin da ake kira kiɗa. Ya goge allura, ya ɗora. Yaya, sai ga muryar mata wajen talatin suna rera waƙar gonar gwamnati, wai sun tashi da asuba sun tatsi shanu sun cika bokiti don ƙasa ta ci gaba. La'anannen ya turara faifan gaske a bakin buta ya ɓare takardarsa, ya liƙa a kan wannan na kwandon shara, ya sa a kwalin gaske. Ɗaki ya fashe da dariya, wani har da birgima. Kafin gari ya waye an raɗa wa yayana suna Mai Tatsa. A makaranta Mai Tatsa, a layin burodi Mai Tatsa, yara suna yi masa kukan saniya ta bayan katanga. Ya koma tudu neman Nurgali, aka ce masa doka doka ce. Cikin makon ya ɗauki almakashin Mama ya datse gashinsa da kansa, bai ƙara taɓa faifai ba. Da kaka ta zo aka kira shi soja. A tashar jirgin ƙasa, Mama na kuka, wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce Mai Tatsa a gaishe da shanun Afganistan, mutane suka yi dariya. Na ga fuskarsa ta taga. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, sauran kin sani, akwatin gawar da aka kawo mana a liƙe aka hana mu buɗewa.

Ban ce Nurgali ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Abin da na ce shi ne ya sa yayana ya bar garinsu ana yi masa dariya, kuma wannan ban yafe ba. Faifan na ɗauke na ɓoye a ƙasan akwatin Mama. Na kuma yi wa kaina alkawari ba zan saurari waƙoƙin bijimin nan ba tunda Sanjar bai ji ba. Zamani ya juya, kaset ya cika kasuwa, yanzu ma komai yana cikin waya, amma kusan shekara arba'in ke nan in na ji an ambaci sunan mawaƙan sai in bar wurin.

To, bara Kuralai ta kawo mana Daniyar. Yaro mai kunya, injiniya, ya gaishe ni da hannu biyu, ban ga aibunsa ba. Aka ce ubansa babban ɗan kwangila ne, shi ya gine tudun nan namu da manyan gidaje, ko itacen tuffa ɗaya bai bari ba. Da aka haɗa mu cin abinci don a san juna, sai ga wani ƙato mai sanƙo da tumbi, agogo kamar murfin tukunya. Sunan Nurgali bai ce mini komai ba, Nurgali nawa ne a garin nan. Sai da aka miƙa masa farantin burodi. Yaya, ya karɓe shi ta gefe da tafin hannu biyu, yatsa bai taɓa tsakiya ba, har ya ɗan karkata shi ga haske bai sani ba. Gabana ya faɗi. Na dubi girarsa ta hagu, ga tabon nan da na sani. Shi kuwa bai gane ni ba, ina zai tuna ƙanen wani da ke bin yayansa a baya. Yana ta kirana suruki, yana dafa mini kafaɗa, ni kuwa naman da ke bakina ya koma kamar roba.

A mota na gaya wa Saule. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ba zan ba jinin macuci 'yata ba. Ta ce in rufe mata baki, ai albasa ma ba ta yi halin ruwa ba, yaron me ya yi mini, an haife shi ne lokacin? Ta ce tsoho da furfura zai rushe gidan 'yarsa a kan baƙin faranti mai rami a tsakiya, kuma in na kuskura na buɗe baki ranar surukai, in nemi mai dafa mini abinci. Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba. Washegari na ɗauki tsohon garmahon Baba na kai wa Grisha. Yana nan, haƙori biyu suka rage masa, gashin da yake taƙama da shi ya koma wutsiyar ɓera. Da na faɗa masa abin da nake shiryawa sai ya ce shi ma ya yi dariya a ranar, kuma abin yana ci masa rai. Ya gyara, ya sa sabuwar allura, ya ƙi karɓar komai.

Ranar da suka zo neman aure gida ya cika. An yanka rago, an dafa naman doki, an ajiye kan ragon a gaban Nurgali a matsayinsa na babban baƙo, ya yanka kunne ya raba wa yara yana yi musu wa'azin jin magana. Aka fito da kyaututtukan surukai. Saura a kawo hanta da kitsen wutsiya, wanda in an ci an ƙulle ke nan, babu ja da baya. Sai na miƙe na ce ina da tawa kyautar ta musamman ga suruki. Saule ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Ya warware ƙyalle, ya ga bijimi a jikin kwalin faifan nan da na ɓoye. Wallahi Yaya, idonsa ya yi haske kamar na yaro. Ya tashi tsaye ya ce ashe surukinsa ɗan gari ne! Ya juya ga jama'a ya ce a zamaninsa shi ne sarkin wannan kiɗa a Almati, duk wanda ya ji ƙarfe a garin nan ta hannunsa ya ji, wannan faifai kuwa shi ya fara shigo da shi. Ya ce wa ɗansa ya buɗe kunne ya ji abin da maza ke saurara, ba irin miyau ɗin da suke ji yanzu ba. Ya ce wa tsofaffi su toshe kunne kada zuciyarsu ta buga. Har ya ɗaga hannu ya yi ƙaho da yatsu, ya fara kaɗa sanƙonsa tun kafin a sa. Na ce to suruki, ai kai ya kamata ka ɗora allurar da hannunka. Ya ɗora.

Matan nan suka tashi da asuba suka tatsi shanu. Gwaggo Zere, da ba ta gani amma kunne garau, ta tafa hannu ta ce kai, waƙarsu ce ta 'yan matanci, ta kama amshi. Uwar Nurgali ma ta kama, sauran tsofaffi suka bi, yara suna riƙe ciki don dariya. Shi kuwa yana tsaye da ƙahonsa a sama, ya rasa inda zai ajiye hannun. Na ga lokacin da ya sunkuya ya dubi takardar tsakiyar faifan tana juyawa, ya ga gefen da manne ya ɗan ɗago. Jini ya gudu daga fuskarsa. Na bari aka kai ƙarshen baiti, domin na daɗe ina jira, ba na sauri. Sannan na ɗage allura na ce masa sannu da zuwa gidan su Sanjar, Mai Jaka. Na ba jama'a labari tun daga tudu har tashar jirgi, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai kaya ce, sai dai mai kayan ba ya nan, ƙanensa ne ya tsaya masa. Ba zan ɓoye miki ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Da farko ya ce bai tuna ba. Sannan ya ce yarinta ce, kowa ya yi. Sannan ya ce gobe zai sa a kawo mini irinsa ɗari daga Landan. Daniyar, bawan Allah, ya zaro waya ya ce Baba ai duk waƙoƙin suna nan, bari ya sa mini, na daka masa tsawa na ce ya mayar aljihu. Na ce ba ɗari nake so ba, ɗaya nake so, wanda aka ɓare wa takarda, da rigar da yayarmu ta ɗinka. In ba su zo gidan nan ba, hannuna ba zai shiga kwanon hanta ba. Uwarsa ta tambaye shi a gaban kowa ko gaskiya ne ya yi wa ɗan mutane haka, ya sunkuyar da kai, ta ce tir. Suka tashi ba a ci hanta ba.

Abin da ya biyo baya ne bai yi daɗi ba. Saule ta ɗauke mini wuta. Kuralai ta fito daga kicin ido jawur ta tambaye ni wai tsakanin matacce da rayayyiya wa na fi so. Maganar ta soke ni. Tun daga ranar in za ta zuba mini shayi sai ta cika kofin har baki, kin kuwa san ma'anarsa a gidanmu, sha ka ba mutane wuri. 'Yar da na goya a wuyana tana yi mini zubin baƙon da aka gaji da shi. Na ji tsoro, Yaya, na ce kada dai in rama wa yayana in rasa 'yata. Amma ko da tsoron ban aika wa kowa ban-haƙuri ba.

Ana nan sai ga shi wata safiya, shi kaɗai, ba direba, riƙe da tsohuwar jakar nan. Ya tsaya a tsakar gida ya ƙi zama, ya buɗe jakar, ga faifai ga rigar Sanjar. Ya ce faifan da ba takarda ba ya sayuwa, shi ya sa ya ajiye don kansa, kuma tun ranar da ya ji an kawo akwatin Sanjar bai sake sa shi ba, jefarwa ma ya kasa. Mujallar kam ya ce tuni ya yayyage ta ya sayar shafi-shafi. Ya ce ɗansa ya rantse in auren ya mutu ba zai ƙara taka gidansa ba. Ya yi ta sharar hawaye. Ko ɗigon tausayi ban ji ba, kukan ɗansa yake ba na yayana ba. Na karɓi faifan ta gefe, na karkata shi ga rana, wannan karon ba mai ihun 'yan sanda. Na gaske ne, tsirara, ko karce babu. Na ce saura sharaɗi ɗaya. Ranar biki, a gaban duk manyan da zai gayyato, zai hau dandamali ya faɗi wane ne mai wannan faifai, ya kira shi da sunan da Baba ya raɗa masa, Sanjar ɗan Abilda, ya faɗi abin da ya yi masa, sannan ya ɗora allura. Ya buɗe baki zai yi ciniki, na ce masa an riga an sauko daga tudu. Ya yarda. Ran Juma'a suka dawo aka ci hanta, na sa masa loma a baki kamar yadda al'ada ta ce, na zaɓo masa mafi kitse.

Wani abin da ban shirya ba, Allah ne ya shirya. Labari ya zaga gari. Grisha ya ce mini leburorin Nurgali in ya juya baya sai su kama waƙar bokiti, kuma yanzu daga ofishinsa har kasuwa ba a kiransa da komai sai Mai Tatsa. Sunan ya yi shekaru yana yawo, ya gano gidan ubangijinsa. Da na ji na yi dariya har na ƙware. Jiya kuma Kuralai ta zuba mini shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, irin zubin wanda ake so ya daɗe a zaune.

An sa biki bayan an gama tsinkar tuffa. Faifan yana cikin kwalinsa a kan kabad, ban sa ba, ba kuma zan sa ba sai ranar. Grisha ya ce in shirya, wataƙila bayan duk wannan jira kiɗan ma ba daɗi, na ce ko kukan jaki ne sai an ji shi har ƙarshe, gaba da baya. Rigar zan rataye ta a kan kujera a teburinmu, tsakanina da ke. Don haka kada ki kawo mini zancen gwiwa, ki zo. Fatar ta bushe amma ɗinkin yana nan daram, sai ƙusa ɗaya da ta fita a kafaɗar hagu. Saule ta ce za ta mayar, na ce kada wanda ya taɓa, aikinki ne. Ki taho da allurarki.

Ki gaishe mini da Yakob, ki ce masa har yanzu ina riƙe da shi kan tallar takalmi. Ki gaishe da Marlen da matarsa, da Elmira, da 'yan jikoki duka, Allah ya raya su. Saule tana gaishe ki, ta ce ki zo ki ja wa ƙanenki kunne tunda ita ta gaza. Gwaggo Zere ta ce a kawo mata alewar Jamus mai taushi. Allah ya jiƙan Baba da Mama, ya jiƙan Sanjar, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai taurin kai,
Tolegen